Ranar da Na Yi Kamar Ba Na Jin Hausa

Umdurman

Zuwa ga 'yata Asiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Kano lafiya. Allah Ya tsare ki a mota da jirgi, Ya haɗa ki da malamai masu tsoron Sa, Ya ba ki abokan zama na kirki. Na roƙi mahaifiyarki ta saka miki takardar a ƙasan jaka, don na san ba za ki kai gare ta ba sai kin huta. Da gangan na yi haka. Ba zan iya zama a gabanki kina karantawa ba.

Na san kin fi sakewa da Larabci, amma da Hausa zan rubuta, da ɗan bokon da ɗaliban Nijeriya maƙwabtanmu suka koya mini bayan na manyanta. Ki yi haƙuri da rubutun. Dalilin zai zo a gaba.

Ranar walimar sallamarki kin miƙe a gaban mutane kin ce za ki yi digiri na biyu a kan yadda ake tafiyar da kamfani ba tare da an ɓata ƙasa da ruwa da iska ba. Kika ce ni na sa miki son wannan karatu. Har kika ɗauko littafin nan mai baƙar fata daga kan kanta, kika karanta musu inda aka gode mini. Mutane suka yi ta cewa masha Allah. Kin ga na tashi kamar zan yi alwala. Ba alwala na je ba. Bayan gida na tsaya har aka watse, don kunya ta hana ni dawowa. Abin da ke cikin littafin nan ba gaskiya ba ne, kuma ni na sa aka rubuta shi haka.

Kin san asalinmu. Kakanki a Jazira ya ƙare rayuwarsa yana tsinkar audugar wasu. Ni kaɗai na samu makaranta a cikin 'ya'yan gidan. Na shigo Khartum na samu aiki a wata masna, wato masana'anta, a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, inda ake sayen matattun batiran mota, a fasa su, a zubar da ruwan, a narka dalmar da ke ciki a sayar. Na fara da rubuta kayan da ke shiga da fita, a hankali na zama mai kula da aiki gaba ɗaya, ba kowa a samana sai mudir, wato manaja, da mai kamfani. Larabcina ya goge. A ofis ban taɓa cewa ni Bahaushe ne ba. Ban yi ƙarya da baki ba, shiru kawai na yi, domin na sha jin yadda ake kiran mutanenmu idan ana tsammanin ba ma kusa. A wajen tanderu kuwa, inda ake narka dalmar, kusan duk namu ne. Cikinsu har da Baffanki Haruna, ɗan wan mahaifina, wanda ya goya ni a bayansa a cikin gonar auduga. Ni na samo masa aikin. A gida Yaya nake ce masa. A masna shi yake ce mini Ustaz Usman, kuma ban taɓa hana shi ba.

Wata shekara mai kamfani ya kira ni ya ce, "Usman, an ce yanzu kowace masna sai ta yi kwamitin muhalli. Ka ga yadda za ka yi."

Na ce, "Tamam, ya Hajj."

Na rubuta sunayen mutane, na sa kaina shugaba. Na sa aka dasa darbejiya a bakin ƙofa, aka shafe katangar gaba da koren fenti, aka rataye allo mai kyakkyawan rubutu a kan tsabta da amana. Kwamitin bai taɓa zama ba ko sau ɗaya. Wasu daga cikin waɗanda na rubuta har suka bar aiki ba su san suna ciki ba. A bayan katanga kuwa ruwan batir yana bin lambatu ya faɗa kwarin da ke ratsa unguwa. Da damina sai ya haɗu da ruwan sama ya shiga lunguna.

To, Asiya, duk inda kika shiga aka nuna miki kwamiti da allo da itatuwa, ki yaba musu, sannan ki tambaya yaushe suka zauna na ƙarshe, kuma me suka taɓa hanawa. Ki tambaya wane ne a cikinsu zai iya cewa a kashe tanderu a kashe. In babu irin wannan mutum, to babu kwamiti. Kuma ki roƙa a fitar da ke ta ƙofar baya.

Akwai wata na'ura a kan bututun hayaƙi da ke tare ƙurar dalma kafin ta fita. Ta lalace. Injiniyanmu ya zo ya same ni ya ce gyaran ba wuya, amma sai an tsayar da tanderu na 'yan kwanaki. A lokacin muna da babban ciniki a hannu, mai saye yana matsa mana. Na ce masa a bari mu gama wannan tukuna. Da muka gama wani ya shigo. Injiniyan ya sake magana, ya sake, har ya gaji ya daina. Abin da nake so ki riƙe shi ne wannan: ban taɓa kai maganar gaban mai kamfani ba. Ni na zauna na ƙiyasta abin da zai ce, na yanke hukunci a madadinsa, don kada a ce Usman ne ya zo da labarin da ba a so. Bayan shekaru maganar ta taso, sai ya ce mini, "Ai da ka faɗa mini." Wataƙila da gaske yake, wataƙila ba haka ba. Ba zan taɓa sani ba, tunda ban ba shi damar ya ƙi ba.

A littattafanku za ki ga ana ta magana a kan shugabanni da manufofin kamfani. Ba na ja da masana. Amma ni abin da na gani, yawancin ɓarna a hannun irina ake yin ta, mutanen tsakiya, masu tsoron na sama kuma masu jin kunyar a haɗa su da na ƙasa. Ki nemi irinmu ki zauna da su. Kada ki tambaye su abin da kamfani ya yi imani da shi, za su karanto miki allo. Ki tambaye su wane mummunan labari suka taɓa kai wa mai gida, kuma me ya same su bayan sun kai.

Sai maganar wurin wanka. Da akwai ɗaki mai famfuna inda ma'aikata ke wanke jiki su sauya kaya kafin su tafi gida. Injin turo ruwan ya mutu. A daidai lokacin muna neman inda za mu jibge buhuna, sai na sa aka zuba su a ɗakin aka kulle. Mutane suka koma tafiya gida da kayan aikinsu, ƙura fari fat har gashin ido. Yaya Haruna ya tare ni a tsakar masna ya ce da Larabci, "Ustaz Usman, wurin wankan nan fa?" Na ce ana dubawa. Ranar Juma'a da muka haɗu a gidan suna ya ja ni gefe, ya ce da Hausa, "Usman, ƙurar nan fa har cikin tuwo muke cin ta." Na ce, "Yaya, ka bar mini, zan gyara." Na manta da maganar kafin in kai tashar mota.

Ana cikin haka wani ɗalibi ya zo da takarda daga jami'arsu. Sunansa Malam Nuhu, mutumin Zariya, siriri, mai Larabcin littafi. Irin bincikenki yake yi. Mudir ya ce in kula da shi. Na ba shi rana, kuma kafin ranar ta zo na shirya masa. Na sa aka kashe tanderu da sunan gyara, aka wanke tsakar masna, aka toshe bakin lambatu da buhunan yashi. Na fito da sababbin takunkumi da safar hannu daga sito na raba wa kowa. Na aika direba ya ɗauko shi daga masaukinsa, na zaunar da shi a ofis mai sanyi, aka kawo fatur, wato karin kumallo, na waken ful da ƙwai da shayi. Ya ciro takardun tambayoyinsa, ni kuwa ina amsawa kamar mai karatun hadda. Yana ta rubutu yana gyaɗa kai.

Da muka zaga wajen tanderu, sai wani daga cikin ma'aikata ya ce wa ɗan'uwansa, "Kai, miƙo mini shebur ɗin nan." Malam Nuhu ya tsaya cak. Fuskarsa ta washe kamar wanda ya ga mahaifiyarsa a kasuwa.

Ya ce, "Ikon Allah! Ashe 'yan'uwa ne a nan! Sannunku da aiki!"

Suka amsa masa, ana ta dariya ana musabaha, ana tambayarsa mutanen gida. Ya juyo ya nemi izinina da Larabci ko zai ɗan yi magana da su da harshensu. Na ce bismillah. Na tsaya a gefensa na harɗe hannuwa.

Ya nufi wanda ya fi kowa furfura, wato Yaya Haruna. Ya ce, "Baba, tsakaninka da Allah, hayaƙin wurin nan ba ya damunku? Wannan takunkumin kullum ake ba ku?"

Yaya ya ɗago kai. Ni ya kalla.

Malam Nuhu ya lura, sai ya rage murya ya ce, "Kada ka damu da shi, Baba. Ba ya jin abin da muke faɗa."

Asiya, duk wanda ke tsaye a wurin ya san ina ji. Wasu sun san mahaifina. Kalma ɗaya ta ishe ni a lokacin. Da na ce, "Ina ji, malam, kuma Yaya, faɗa masa gaskiya," da ban rubuta miki wannan takarda ba. Sai na duba agogona, na ɗaga kai ina kallon rufin kwano, kamar wanda surutun baƙi ya gundura.

Yaya Haruna ya ce, "Lafiya lau muke, malam. Ana kula da mu." Idonsa na kaina, ya ƙara da cewa, "Ustaz yana kula da mu ƙwarai."

Motar Malam Nuhu na fita na sa aka karɓe takunkuman aka mayar sito. Da yamma aka kunna tanderu.

Kin ga dalilin da ya sa na rubuta miki da Hausa. Harshen da na yi musunsa a gaban yayana, da shi ya kamata in faɗi abin da na yi.

Ki koya daga Malam Nuhu, domin yaron kirki ne, ba maƙaryaci ba, amma na juya shi cikin sauƙi. Kada ki yi wa ma'aikaci tambaya mai gidansa na tsaye, ko da an rantse miki kurma ne. Kada ki shiga motar kamfani, don duk wanda ya gan ki a ciki ya riga ya san ta wa kike. In an ba ki rana ki je, amma ki sake komawa ranar da ba a ba ki ba. Ki zauna wajen mai shayin bakin ƙofa, ki bi lambatu da ƙafarki ki ga inda ya ƙare, ki je gidajen ma'aikata ki gai da matan da ke wanke kayan aikin. Kuma in wani ya amince ya gaya miki gaskiya, ki ɓoye sunansa kamar yadda za ki ɓoye sirrin kanki. Ke za ki karɓi digiri ki wuce, shi kuwa gobe da safe zai koma gaban wannan mutumin. Ban taɓa ganin laifin Yaya da ya yi ƙarya ba. Yana da iyali, kuma ni ne mai sallamar mutum daga aiki.

Bayan wani lokaci Malam Nuhu ya dawo da littafin, an ɗinke shi da baƙar fata. Ya kawo masnarmu a matsayin misalin ƙaramin kamfani da ya san ya kamata. A shafin godiya ya sa sunana. Na karɓa da hannu biyu, na kawo gida na ɗora a kanta inda baƙi za su gani. Daga baya na ji cewa wasu ɗalibai suna ɗaukar misali daga cikinsa. Ƙaryar da na shirya a yini guda ta shiga ɗakin karatu ta zauna, tana haihuwa. Don haka duk abin da za ki rubuta, ki raba shi biyu a fili, ki ce wannan an gaya mini, wannan kuwa na gani da idona. In ba ki sani ba ki rubuta ba ki sani ba. Malaminki zai iya rage miki maki, amma ba za ki cuci wanda zai karanta bayanki ba.

Yanzu na zo inda na fi jin tsoro, wato maganar Sa'adiya, 'yar Yaya Haruna. Tare kuka yi rarrafe, ita ta riga ki fara magana. Yarinya ce mai son ubanta. Da ta ji motsinsa a ƙofa za ta ruga ta rungume ƙafafunsa, ta cusa fuska a cikin wandon aikin nan. Mairo, mahaifiyarta, a baho ɗaya take wanke kayansa da nata. Sai yarinya ta fara ciwon ciki, ta daina cin abinci, ta zama mai yawan kuka. Rannan ta faɗi tana jijjiga. A asibiti likita ya tambayi sana'ar uban, da ya ji sai ya sa aka auna jininta. Dalma ce.

Na je dubiya. Yaya na zaune a kan benci a baranda. Ya gaya mini abin da likita ya ce, da Hausa, a hankali, bai ɗaga murya ba. Na ce Allah Ya sawwaƙe. Na je na sayo magungunan da aka rubuta, ina jin kamar na yi wani abu. Mairo ta karɓi ledar ba ta dube ni ba. A makon nan na sa aka kwashe buhuna daga wurin wanka, na kira mai gyara. Kafin azahar ruwa ya dawo. Abin da na yi shekaru ina cewa ana dubawa, aikin hantsi ɗaya ne.

Sa'adiya ta tashi, amma ba ta dawo yadda take ba. Likita ya ce ba zai iya rantsuwa cewa dalmar kaɗai ce ta taɓa mata kai ba, kuma na daɗe ina fakewa da wannan maganar tasa. Na daina. Kina aji uku kika dawo daga makaranta kika tambaye ni, "Baba, me ya sa Sa'adiya kullum ake barin ta a aji ɗaya?" Na ce miki haka Allah Ya yi ta. Na ɗauki aikin hannuna na jingina wa Ubangiji, a gaban 'yata, bakina ko rawa bai yi ba. Ina neman gafararSa a kan wannan fiye da komai.

Idan kin zauna kina lissafin hayaƙi da ruwa da ribar kamfani, ki tuna abin ba ya tsayawa a katangar masna. Yana hawa mota da yamma ya tafi gida, ya shiga bahon wanki. Duk binciken da bai bi ma'aikaci har ƙofar ɗakinsa ba, rabin aiki ne.

Masnar ta rufe tun kafin yaƙin nan ya tarwatsa mu. Da muka dawo na je na ga wurin. Ba rufi, ba ƙofa, darbejiyar ma an sare. Amma tokar dalmar da na sa aka riƙa binnewa a bayan katanga tana nan, kuma wasu iyalai da suka rasa gidajensu sun kafa rumfuna a kusa. Na samu limamin wurin da dattawan unguwa, na nuna musu ramin, na gaya musu abin da ke ciki da wanda ya sa aka zuba. Sun kewaye shi da tsofaffin kwanoni, sun hana yara zuwa. Ba gyara ba ne, amma shi ne abin da hannuna ya kai.

Ana gobe za ki tafi, kina can kina sallama da ƙawayenki, na hau mota na tafi unguwar Alshajara wajen Yaya Haruna. Na same shi a ƙofar gida. Hannuwansa rawa suke yanzu, ko kofi sai ya riƙe da biyu. Na durƙusa a gabansa, abin da rabona da yi tun ina saurayi. Na faɗa masa duka, da na'urar hayaƙi, da wurin wanka, da ranar Malam Nuhu. Ya bar ni har na gama.

Ya ce, "Usman, duk na sani. Ina jira ne in ga ko za ka zo kafin ɗayanmu ya mutu."

Na ce, "Yaya, ka yafe mini."

Ya ce, "Nawa na yafe, duniya da lahira. Na Sa'adiya kuwa ba nawa ba ne da zan yafe. Ga ta nan, ka tambaye ta."

Sai ga ta ta fito da shayi a faranti, tana tafiya a hankali don kada ya zube. Ta ajiye a gabana, ta gaishe ni da murna, ta ce, "Baffa, an ce Asiya za ta shiga jirgi. Ka ce mata ta zauna kusa da taga." Na buɗe baki in roƙe ta, na rasa ta inda zan fara yadda za ta gane. Ta tsaya tana jira ta ga ko sukarin ya ji. Na sha, na ce ya ji. Ta yi dariya ta koma ciki.

Haka na baro su. Ban san yadda zan sauke wannan ba, kuma ba na neman ki sauke mini. In kin ji haushina kina da gaskiya, ki ɗauki lokacin da kike so kafin ki kira ni. Amma kada ki bar karatun saboda ni. Karatun gaskiya ne, kuma ana bukatar masu yin sa da ido buɗe.

Ki riƙe salla a kan lokaci. Ki ci abinci, kada ki bar karatu ya hana ki. Ki girmama malamanki, amma in kin ga ba daidai ba ki faɗa da ladabi. In mutanen Kano sun yi dariyar Hausarki, ki yi dariyar tare da su ki ci gaba da magana. Mahaifiyarki na gaishe ki, ƙannenki ma haka.

Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya kare ki daga sharrin mutum da na zuciya, Ya ba ki ilimi mai amfani da ƙarfin halin faɗar abin da kika gani. Allah Ya ba Sa'adiya lafiya da masu riƙe ta da amana bayan ranmu. Allah Ya dawo mana da ke lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.

Wassalam.

Mahaifinki,
Usman